Takardar Iyon Ralitsa

Tutrakan, 9 ga Yuli

Zuwa ga 'yata Desislava,

Bayan gaisuwa mai yawa da kewa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da mijinki Ognyan, da fatan aikin kula da tsofaffin nan na Sifen bai fi ƙarfinki ba. Allah ya ƙara miki lafiya da haƙuri. Mu ma nan lafiya lau. Babanki yana nan da ciwon gwiwarsa da taurin kansa, kullum yana lambu yana yi wa tumatur faɗa. Ralitsa kuwa tun da kika turo mana ita hutu kumatu suka fito. Ta ce in gaya miki banitsar da nake gasawa, burodin nan namu mai cuku, ta fi taki nesa ba kusa ba, ni dai saƙo na isar.

Maganar sansanin yaran nan na jeka-ka-dawo da kika sa ta ce ta sa na ɗauki biro, don a waya bakina ba zai iya ba. Na shirya mata komai yadda suka rubuta: hula, gorar ruwa, man kare rana, tawul. Sun ce a rubuta suna da alƙalami a jikin kaya, ni kuwa na zauna na ɗinka da jan zare. Sai da na kai kan tawul na tuna rabona da irin wannan ɗinki tun kayan yayanki Momchil, na ajiye allurar na fita tsakar gida na daɗe a tsaye. Ranar Litinin na zuba mata ruwa a gabanta a bakin ƙofa don tafiya ta yi kyau, ta tsallake tana dariya wai Kaka ta jiƙa mata takalmi. Ni ban yi dariya ba, a wannan dandamalin na zuba wa Momchil nasa.

Abin da ban gaya miki ba shi ne yadda na yi da takardar nan da suka bayar a sa wa hannu, don duk Alhamis daga ƙarfe goma zuwa sha biyu suna kai yaran wurin iyo na gari. Kin ce in sa, na ce miki to. Ban sa ba, na tura ta ƙarƙashin kwanon burodi. Malamarsu Yoana, yarinya ƙarama da ko ke kin isa ki haife ta, ta yi ta lallashina cewa ruwan iya ƙirji ne kuma akwai masu tsaro biyu. Na ce mata waccan shekarar ma akwai masu tsaro. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Babanki ya ce in bar yarinya ta sha iska, na ce ya koma wurin tumaturinsa.

Kin san watan nan ne nake sabunta takardar tunawa da Momchil a jikin ƙofar gida. Ranar Laraba na manna sabuwa, mai hoton nan da yake sanye da jan ƙyallen wuya, an rubuta shekara talatin da biyar ba ka tare da mu. Na sha'afa cewa babanki ya koya wa Ralitsa haruffanmu. Da ta dawo da yamma sai na hango ta tsaye a ƙofa, jaka a baya, tana bin rubutun da yatsa. Desi, daga inda nake, da wannan tsayuwar tata ta karkata kai, na rantse shi na gani. Rubutun nan ne abu na farko da ta karanta da kanta a harshenmu.

Ta tambaye ni wane ne, na ce kawunta ne. Ta tambayi abin da ya same shi, na ce kogi ne ya ci shi a sansanin hutu yana ɗan shekara goma. Sai ta ce, "Kaka, bai iya iyo ba ne?"

Shekara talatin da biyar ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Kowa ya ɗauka yaron da ya tashi a bakin kogin Danube ya iya, ke ma haka kika ɗauka, don shekararki biyar a lokacin. Bai iya ba. Ni na hana shi. Sa'o'insa suna kogi tun safe, shi yana gida, in ya je ko bakin ruwa sai na zane shi. Da suka je sansani aka ce wanda ya iya ya ɗaga hannu, ya ji kunyar abokansa ya ɗaga. Abokinsa ne ya gaya mini ranar jana'iza, na haɗiye, na bar mutane suna zagin malamai. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma nawa ya gaji. Ki yafe mini, tsorona ne ya raba ki da yayanki.

Na ɗauko takardar iyon daga ƙarƙashin kwanon burodi na sa hannu a gabanta. Jiya ta je ta dawo da gashi a jiƙe, tana cika baki wai ta tsere wa kowa. Ni kuwa awa biyun nan ban san yadda na yi su ba. Saura Alhamis uku. Abin da nake roƙonki, ki riƙa kirana ƙarfe goman nan namu, ki riƙe ni a waya har sha biyu. Ba sai kin ce komai ba, ko motsin kwanukanki na ji ya ishe ni, don kada ƙafata ta kai ni can in ɗauko ta.

Ki gaida Ognyan da ƙanwarsa Bilyana. Babanki da gwaggonki Nedyalka suna gaishe ki, Ralitsa kuma ta ce a turo mata gilashin iyonta da ta manta.

Mahaifiyarki mai kewarki,
Tsvetana