Layi Goma Sha Huɗu da Matata ta Warware

Zuwa ga Hajiya Maryam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ki taimake ni da shawara, domin na kai inda ilimina da haƙurina duka suka gaza. Na sauya sunaye, amma sauran bayanin yadda ya faru ne.

Ranar Talata, 9 ga Mayu, 2023, da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, 'yarmu Damaris ta rasu a wani asibiti a nan Kaduna, bayan jinyar kwana tara. Shekarunta ashirin da ɗaya, tana aji uku a jami'a. Ciwon sikila ne, da shi aka haife ta. An yi mata ƙarin jini sau biyu, ana shirin na uku rai ya yi halinsa. Ranar Asabar, 13 ga wata, muka kai ta ƙauyenmu, muka binne ta kusa da kakarta. Ni na karɓi masu gaisuwa, ni na karanta tarihinta a coci, kuma muryata ba ta yi rawa ba. Mutane da yawa sun yaba mini a kan haka.

Na shekara talatin ina koyar da ilimin sinadarai a wata babbar makaranta. Ni da matata Celina mun shekara ashirin da tara da aure. 'Ya'yanmu biyu ne: Isaac, wanda ke aiki a Abuja tare da matarsa Tracy, sai marigayiyar. A gida Maman Isaac nake kiran matata.

Shekarar farko bayan rasuwar, ba ta fita sai coci. Ta rame, ta daina magana sai dole. Na kai ta wurin likita, na tsara mata lokutan shan magani a takarda na manna a ƙofar firji, amma babu abin da ya sauya. Sai a farkon bana, wato 2025, ba tare da shawarar kowa ba, ta fara zuwa Tudun Wada wurin wata mai sayar da zaren ulu da ake kira Maman Tagwai, wadda ita ce ta koya wa Damaris saƙa da kwarashi. Tana da shekara hamsin da huɗu ta zauna ta koya daga tushe. Kafin wata uku, kowace Asabar sai mata shida ko bakwai sun taru a barandarmu, wasu daga zumuntar matan cocinmu, biyu kuma daga Tudun Wada, da zoɓonsu da gyaɗarsu, suna saƙa suna dariya har ana ji daga bakin titi. Matata ta koma rera waƙa a kicin. Ta saƙa wa kujerun falo mayafai, ta saƙa wa tebur, har rediyona sai da ta yi wa riga.

Ina so a fahimce ni: ban ƙi farin cikinta ba. Na sha maimaita wa kaina cewa lafiyarta ce ta dawo, kuma abin da na roƙa ke nan. Sai dai barandar tana jikin tagar ɗakin Damaris, kuma duk lokacin da suka fashe da dariya, sai in rufe littafin da nake karantawa in jira su gama. Ban taɓa cewa komai ba.

A ɗakin akwai wani bargon jarirai, ruwan ɗorawa da fari, wanda Damaris ta fara saƙawa bayan auren yayanta. Tana tsokanar su cewa ita ta shirya, su ake jira. Ba ta gama shi ba. Mako guda bayan jana'iza na ƙirga layukansa, suka kama ɗari da ashirin da shida. Goma sha huɗu na ƙarshe a kan gadon asibiti ta yi su, da allurar ƙarin ruwa a bayan hannunta. Da rana ni nake zama da ita, mahaifiyarta ta je gida ta huta. Ni nake riƙe mata curin zaren kada ya faɗi ƙasa, ina sakar mata kaɗan-kaɗan, tana yi mini tsiya wai mai digiri uku bai iya riƙon zare ba. Wannan shi ne aiki na ƙarshe da muka yi tare. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har matata, domin ban ga amfanin faɗa ba.

Ranar Lahadi, 7 ga Satumba na bana, bayan mun taso daga sujada, na shiga ɗakin kamar yadda na saba, na ga bargon ya rage tsawo. Na ƙirga sau biyu: ɗari da goma sha biyu. A gefensa ga wani ƙaramin curin zare duk ya yi kwana-kwana, alamar daga jikin saƙa aka warware shi.

Ni ba mai ɗaga murya ba ne, kuma ban ɗaga ba. Washegari na zauna na buga mata takarda mai shafi biyu, da kwanan wata, da kanun magana, da sakin layi masu lamba. Na rubuta cikakken sunanta a sama kamar yadda yake a katin shaidarta. Na nemi ta yi mini bayani cikin kwana bakwai a kan dalilin da ya sa ta taɓa kayan marigayiya ba tare da sanina ba. Na sa a ambulan na ajiye a teburin cin abinci, na adana kwafi. Bargon da zaren kuma na kulle su a kabad ɗin ƙarfen da nake ajiye takardun asibitin Damaris. A lokacin, wannan ita ce hanyar da na ga ta fi nutsuwa da mutunci, tunda babu ihu babu zagi a cikinta.

Ba ta ba ni amsa a rubuce ba. Ta tsaya a ƙofar ɗakin karatuna da takardar a hannunta, ta gaya mini cewa Tracy na da ciki, kamar yadda na sani, kuma bargon na wannan jaririn ne, don haka take so ta ƙarasa shi. Ta ce layukan ƙarshe sun karkace saboda hannun yarinyar ba ƙarfi, kuma a saƙa ba a ɗora sabon aiki a kan kuskure, sai an warware an koma inda ya fara. Ko Damaris ce da kanta haka za ta yi. Ta ce zaren da ya bi ta yatsun 'yarta shi za ta mayar a wurin. Daga nan ta tuna mini cewa ita ta ɗauki cikin yarinyar wata tara, kuma ba ta san cewa bayan shekara ashirin da tara ƙaramar ma'aikaciya ce a ofishina ba. Ta ajiye takardar ta fita.

Tun daga ranar, taron Asabar ya koma gidan wata ƙawarta a unguwar Television. Ta kwashe mayafan kujeru, ta cire wa rediyo rigarsa. Tana dafa abinci a kan lokaci, tana gaishe ni da ladabi kamar baƙon da ya kwana a gidan. Shirun da nake nema ya samu, kuma na kasa zama a cikinsa. Ranar 8 ga Nuwamba za ta tafi Abuja domin jegon Tracy. Na tambaye ta ranar dawowa, ta ce za ta gani. Akwati biyu ta haɗa, har da kayan zumunta da hotunan aurenmu, kuma na san ba a zuwa jego da irin wannan kaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, na ɗauko hoton bargon da na ɗauka a baya, na faɗaɗa shi a kwamfuta, na ƙirga ƙullin kowane layi. Daga ɗari da arba'in sun yi ta raguwa har ɗari da talatin da ɗaya. Gaskiyarta ce, ba zai saƙu daidai ba. Amma ni waɗannan karkatattun layukan nake so, kuma babu wanda ya tambaye ni. Faston cocinmu ya ce in yi addu'a, ina yi. Isaac ya ce mini zare ne kawai. Ita kuma ta samu abin da ke faranta mata rai, ni ban samu ba, kuma ɗan abin da nake da shi an warware shi.

Saura kwana ashirin da uku ta tafi. Bargon yana kulle. Ban janye takardar ba, ban ba ta haƙuri ba, ban gaya mata zancen asibiti ba, kuma ban san da wanne zan fara ba.

Wani uba,
Unguwar Boro, Kaduna.

AMSA

Baban Isaac, Allah ya ba ku haƙurin wannan babban rashi, ya sanyaya zukatanku.

Zan fara da ɓangarenka, domin kana da gaskiya a wuri guda. Isaac ya yi kuskure da ya ce zare ne kawai. Waɗannan layukan su ne kwanakinka na ƙarshe da 'yarka, kuma abin da ke ɗakin marigayiya na ku biyu ne. Ya kamata Maman Isaac ta yi maka magana kafin ta sa hannu. In da ita ce ta rubuto mini, da na gaya mata haka.

Amma ka duba abin da ta sani a ranar. Ta ga aikin 'yarta da bai ƙare ba, ga jika na tafe, sai ta je ta koyi sana'ar da girmanta domin ta cika wa yarinyar burinta. Dariyar barandar nan da kake ji, makoki ne irin nata, ba mantuwa ba. Ba ta san ka riƙe curin zare ba, saboda ka ɓoye mata shekara biyu da rabi. Ka hukunta ta a kan sirrin da kai kaɗai ka sani.

Takardar kuwa, Dakta, ba nutsuwa ba ce. Da ka yi mata ihu, da yanzu ta manta. Amma ka zauna ka buga sunanta kamar na baƙuwa, ka ba ta wa'adi, har ka ajiye kwafi. Wannan ne ya sa ta haɗa akwati biyu, ba bargon ba.

Ka tambayi da wanne za ka fara. Fara da zancen asibiti, domin in ba ta ji shi ba, haƙurin da za ka bayar ba zai yi mata ma'ana ba. Yau, ba mako mai zuwa ba, ka same ta a inda take, kada ka kira ta ɗakin karatunka. Ka kira ta da sunan da ka saba, ka gaya mata da bakinka yadda ka gaya mini, har da tsiyar da Damaris ta yi maka. Kada ka rubuta ko layi ɗaya. In muryarka ta yi rawa, ka bar ta. Babu mai yabo a wurin, matarka ce. Sannan ka ce ka yi laifi, ba tare da "amma" ba, ka yayyaga takardar da kwafinta a gabanta, ka miƙa mata mabuɗin kabad.

Layukan da aka warware ba za su dawo ba, wannan dole ka karɓe shi. Ka roƙe ta ta yanko maka taƙi ɗaya na zaren ka ajiye. Sauran a mayar da shi bargo, kuma lokaci ya ƙure, saƙa ba ta son gaggawa.

Ka kuma ce mata kana so matan Asabar su dawo. Ba sai ka zauna da su ba. Ka fito da kujeru, ka gaishe su, ya isa. Kai ma ka nemi abin da hannunka zai riƙa yi ban da ƙirga, ko shuka ce a bayan gida. Ka nemi wani uba da ya taɓa binne ɗansa ku riƙa zama, domin akwai maganar da sai shi zai gane.

Ba zan yi maka alkawarin za ta huce nan take ba, kuma kada ka hana ta tafiya, surukarta na bukatarta. Ka kai ta Abuja da kanka. Kafin ka juyo, ka gaya mata a fili cewa gidan ba ya zaunuwa in ba ta nan, kuma kana jiran ta ta faɗi ranar da za ka zo ɗaukarta.

Allah ya sauki Tracy lafiya, ya raya abin da za a haifa, ya mayar muku da walwala a gidanku.

Hajiya Maryam