Albasar Baba a Akwatin Ƙadangare

Zuwa ga yayana Nouhou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali da dukan mutanen Galmi. Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu ma nan Greensboro ƙalau muke, maigidana Moutari na aikinsa, ƴarmu Ibtissam ta shiga shekara goma sha biyu.

Na san Baba ya kira ka ya ce a share masa ɗakinsa zai dawo gida, shi ya sa na rubuto ka ji tushen maganar. Ibtissam tana kiwon wani ƙadangare mai gemu a akwatin gilashi mai fitilar ɗumi. Kada ka yi dariya, a nan har likita gare su. Da Baba ya zo, tsaki ya yi, ya ce abin da yara ke jifa a katanga shi aka kunna wa fitila. Amma ita ba ta jin Hausa sosai, shi ba ya jin Turanci, sai ya zama a gaban akwatin nan kaɗai suke zama tare. Tun rasuwar Inna ban ga ya sake da kowa haka ba.

Ran nan ta ce tana son shuka mai rai a akwatin, wadda dabbar za ta riƙa ci. Na fassara wa Baba. Tana lakwal wajen karatu ya dasa abin da ya fi daraja a idonsa, wato albasa. Ka san manomin Galmi, gani yake babu cutar da albasa ba ta magani. Ashe ga wannan dabba guba ce. Ƙadangaren ya ci ganyen, ya kwanta, ya ƙi motsi. Yarinya ta yi kuka, ta faɗa wa kakanta maganganun da na gode Allah bai fahimta ba, amma fuska ba ta bukatar tafinta. Wallahi ya ba ni tausayi. Kwana uku yana cewa tsohon da bai iya shuka ba, me ya rage masa a ƙasar mutane.

Likitar dabbobi ta ce kaɗan ƙadangaren ya ci, zai tashi, ta rubuto mana abin da ya dace: ɗoɗɗoya, na'a-na'a kaɗan, da wasu furanni. Muka sayo. Ibtissam na shirin dasawa Baba ya riƙe hannunta, ya shinshina ganyen, ya ce an yi masa feshin maganin ƙwari. Ta duba a waya, ta ga gaskiyarsa. Shi ya wanke saiwoyin, ya canza ƙasar, ya ce a jira sabon toho. Ta tsaya tana kallonsa, sannan ta tambaye ni yadda ake ba da haƙuri da Hausa. Ta faɗa a karkace, har ya ce wannan amaryar tasa sai an mayar da ita gida ta koyi magana.

Ka gaida Anti Hindou da Faïçal da Khairiyya. Batun ɗaki kuma, Baba ya ce a dakata. Wai yana da gona a nan, faɗinta bai wuce kamu biyu ba, amma manomi ba ya tafiya ya bar shuka ba ta kama ba.

Ƙanwarka,
Tchima