Saiwoyin da Na Aiko Miki

Ƙauyen Nukabe, 9 ga Disamba, 1961

Zuwa ga 'yata Sumie,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Yaya tarin jikana Noboru, mijin nawa? Ki ce masa in bai zo ba zan sake miji.

Na aiko miki da saiwar gobo goma sha ɗaya, na naɗe su a jarida. Su ne shukar ƙarshe ta marigayi mahaifinki. Shekara arba'in shi yake haƙa, ni dafawa ce tawa. Kin tuna yadda yake koya miki? Ganyen faffaɗa kamar kunnen giwa, in kin juya bayansa fari ne mai gashi-gashi, 'ya'yan kuma su maƙale a riga kamar ƙarangiya. Bana sanyi ya riga ni, ya ƙone ganyen ƙurmus, sai na bi kututture ina haƙa. Ina kewarsa, Sumie. Ki soya wa Noboru da karas, yana so.

Taki,
Tsuya

16 ga Disamba

Sumie,

Ina gaishe ku. Kada ku ci saiwar nan. Na tura maƙwabcinmu Gonzo gari ya buga miki waya, amma dusar ƙanƙara ta toshe hanya, ya dawo.

Shekaranjiya na dafa guntun da na rage. Bakina ya bushe kamar na ci toka, idona ya ƙi ganin ramin allura, kuma Gonzo ya same ni ina hira da mahaifinki a bakin murhu. Da ya tona wajen da na yi haƙa, sai ga busasshen ƙwanso kamar ƙwai, da ƙaya tsaye, ba mai lanƙwasa ba. Ya goga a hannun rigarsa, bai maƙale ba. Ya ce, "Tsuya, zaƙami ne fa. Shekara arba'in, ba ki taɓa leƙa ƙarshen kunyar nan ba?"

Ashe marigayi ya shuka shi don ciwon ƙirjinsa, yana shan hayaƙin ganyen a ɓoye, gudun faɗana. Mun ƙirga ramuka. Huɗu ba na gobo ba ne, kuma a ƙasa kamarsu ɗaya. Kada ki tsaya tantancewa, ki ƙone duka.

Mahaifiyarki

19 ga Disamba

Sumie,

Da fatan wannan ta same ku a tsaye. Yau hanya ta buɗe, ɗan masinja ya karɓi wasiƙata ta biyu, ya miƙo min taki. Kin ce kin ɓoye wa Noboru rabonsa sai sabuwar shekara, na zauna na yi kuka don daɗi. Sannan na karanta sauran.

Ni na koya miki ba a cin abin ƙauye a hana maƙwabta. Kin ce gida biyar kika kai wa, har da mai tsohon ciki ta ƙasan bene. Wasiƙarki kwana shida ta yi a hanya.

Ajiye takardar nan. Ki fara da ƙofarta.

Tsuya