An Kira Sunan Baba a Shagon Gahawa

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa daga Bakura. Ya jiki, ya maigida da yara? Ya ƙarin haƙurin rashin Baba?

Makon jiya na je Abuja, na shiga irin shagunan gahawar nan masu rassa ko'ina. Na ce shayi biyu, ɗaya ba sukari, yadda na saba saya mana ni da Baba. Mai sayarwar ta tambayi sunan da za ta rubuta jikin kofin. Sai na ji bakina ya faɗi sunansa, wanda ban taɓa furtawa ba yana raye.

Da ta ƙwala kira, "Sani!", wallahi Yaya, sai da na waiwaya ko zai amsa.

Ki gaida kowa. Ki sa shi a addu'a, ni ma kar ki manta da ni.

Ƙaninki,
Bello