Sifili a Gaban Sunan Sule

Kaura Namoda,
12 ga Satumba.

Yaya Lubabatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya ke da yara, kuma ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Mu nan sai godiya.

Saƙonki ya iso. Kin ce wata takwas ke nan da ƙanenmu Sule ya hau babur zuwa Zurmi bai dawo ba, in amince a yi masa sadaka, matarsa Rekiya ta shiga takaba. Kin ƙara da cewa boko ya sa mini taurin kai. Wannan kam ba yau kika fara faɗa ba.

Kin san aikin da kuke yi mana dariya a kansa: ni da Sule, magidanta biyu, zaune a gona suna ƙirga ƙwarin da ke sauka kan furanni. Shekararmu ta farko a gonar Ɗan Isa na rubuta sifili a gaban kabewa, wato babu ƙwaron da ke zuwa mata. Da kaka sai ga 'ya'ya, har ba wurin taka ƙafa. Ashe furenta da asuba yake buɗewa, hantsi na yi ya rufe, mu kuwa sai mun sha koko muke isowa. Tun daga nan Sule ya kafa mana doka: sai an je sau uku, a lokuta daban-daban, kuma ko bayan haka ba a rubuta sifili, sai dai "ba mu gani ba".

Na je Shinkafi na yi cigiya. Na je Badarawa. Saura Zurmi, kullum kuma sai na samo dalilin fasawa.

Jiya na leƙa gonar. Kabewar ta fito da kanta bana. Na zauna inda na saba har rabin awa, ko ƙudan zuma ɗaya bai zo ba, na juya in gaya wa Sule. Yaya, ciyawar wurin zamansa a kwance take, kamar yanzu aka tashi. Akuya ce, na sani.

Ran Asabar zan tafi Zurmi, zuwa na uku ke nan. In na dawo hannu biyu, ku yi sadakar, ba zan hana ba. Amma ki gaya wa Rekiya kada ta tambaye ni ko ya rasu. Abin da kawai zan iya ce mata shi ne ban gan shi ba.

Ki gaishe mini da kowa, ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Atiku.