Katin Hajjin Inno

Ƙofar Dundaye, Sakkwato
16 ga Oktoba, 1978

Zuwa ga Yayata Jamilatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da girmamawa gare ki, tare da fatan wagga takarda ta iske ki lafiya, ke da maigida da yara. Allah shi ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Ikko. Mu nan sai godiya. Gero ya shigo gida, Delu ta sauka lafiya an samu mace, ciwon ƙafar Baffa Maccido kuma ya yi sauƙi har yana fita masallaci. Idon Inno ne dai yana nan yadda kika bar shi, in rana ta yi tsaka ba ta gane mutum sai ya yi magana.

Yaya, na san labari ya kai miki cewa hajjin Inno ya so ya lalace, kuma wai injin ofishinmu ne ya jawo. To gara ki ji daga bakina, don ni na ɗebo da zafi. Kin san tunda kuɗin mai ya zo, ofishinmu na tafiyar alhazai ya sayo kwamfuta, ni kuma anka ba aikin rubuta mata umurni. Kowane maniyyaci yana da kati guda da ake hudawa, gurbi tamanin ke gare shi, ba ƙari. Suna da gari da shekaru da lambar fasfo sunka cinye kusan duka, saura bakwai. Ga mata kuma akwai abu biyu: wata da muharraminta za ta tafi, wata tsohuwa ce za ta bi ayarin mata. Sai na yi dabara, har ina yabon kaina. Na ce tunda babu mai buƙatar duka biyun, bari gurbi shida su ɗauki ko wanne, na bakwai ya zama alama. In alama ta ce ɗaya, lambar da ke ciki ta muharrami ce. In ta ce biyu, ta ayari ce. Kamar langa guda ce a ɗakin girki, yau miya gobe fura, ba ta ɗaukar biyu a tare, kuma in kin zuba sabo na da ya tafi. Injin ba ya leƙa ciki ya yi tunani, alamar kawai yake bi.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne Inno da kunyar ɗan fari. Ran da ta je rajista, akawu ya tambaye ta sunan muharraminta. Ke kin san shekara arba'in da uku bakinta bai taɓa faɗin sunan Yaya Abdulwahabu ba, sai dai yayanku, ko mutumin Tudun Wada. Ta ja mayafi ta ce ita dai da mutanen gida za ta tafi. Akawu ya ɗauka ayari take nufi, ya huda biyu. Bayan kwana uku Yaya ya je ya ba da lambarsa, talatin da bakwai, anka sa ta a gurbin nan shida, ba wanda ya taɓa alamar. Shi ke nan fa, injin ya karanta talatin da bakwai a matsayin ayari, ya jefa Inno cikin matan da za su tashi kwana tara kafin jirgin Yaya. Tsohuwar da ba ta ganin bakin ƙofa, a ce ta sauka Jidda cikin baƙi! Da na ga takardar sai na koma na duba katinta. Na so in ɗora wa akawu, amma laifi tudu ne. Ni ya kamata in sa injin ya ƙi karɓar sabuwar lamba sai an sake faɗa masa irinta.

Gyaran kati aikin minti biyu ne, sai dai shugabanmu tsohon soja ne, kuma an sha kawo masa muharramin ƙarya. Dokarsa ita ce ba a taɓa kati bayan an buga suna, sai mace ta zo da kanta ta faɗi sunan muharraminta gaban shaidu biyu. Na roƙe shi in faɗa a madadinta, ya ce ko ni na haife ta ba zai yiwu ba. Na koma gida na yi wa Inno bayani, ta ce in sai ta yi wannan rashin kunya, to Makka ta jira ta wata shekara. Na ji haushi ƙwarai, har na ɗaga mata murya, abin da nake nadama har yanzu. Shi kuwa Yaya sai ya aiko cewa kada a matsa mata, in ta fasa shi ma ya fasa.

Ina jin wannan saƙon ne ya motsa ta. Ranar Alhamis da hantsi ta ce in kamo hannunta. Munka shiga ofis, Yaya na tsaye bayan kujera, Baffa Maccido da Uwani shaidu. Shugaba ya yi tambayarsa. Inno ta daɗe tana murza carbi, har na fid da rai. Sannan ta faɗa, a hankali, ba ta ɗaga kai ba, ta ce Abdulwahabu ne, ɗanta. Yaya Abdulwahabu, mutumin nan da ke tsawata wa kasuwar hatsi guda, sai ga shi ya dafa bango yana kuka kamar yaro. Da munka fito ya ce min bai taɓa sanin yadda sunansa yake a bakinta ba sai ranar. Ita ko ta ce in mun kuskura munka ba kowa labari ba ta yafe ba, don haka ki riƙe a cikinki. Jirginsu guda, ranar Laraba mai zuwa in Allah ya yarda.

Ki gaishe min da maigida Alhaji Tambari, da Saudatu da Binta. Delu da Uwani suna gaishe ki, Inno kuma ta ce ki yafe mata, ki sa su a addu'a. Allah shi sada mu cikin alheri.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Lawali