Na Daina Faɗa, Sun Daina Zuwa

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya tsaya mini a rai.

Ina aiki a kantin magani, wuni nake yi a tsaye. In na dawo gida kuma sai jinyar mahaifinmu, wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Ni ke juya shi, ni ke canja zanin gado, ni ke ba shi abinci a baki. Mu uku ya haifa: Yaya, ni, sai Auta. Duk muna gari ɗaya, amma da yake ni ce aurena ya mutu na dawo gida, sai aka ɗauka ba ni da abin yi.

A da ni masifaffiya ce, ba na musu. In abin ya ishe ni sai in ɗauki waya in wanke su tas, har da kuka. Washegari Yaya zai zo yana sosa ƙeya, ya yi wa Baba wanka da aski, Auta ta wanke zannuwa tana kumbure-kumbure. Haka muke lallaɓawa.

Sai hawan jini ya kama ni. Likita ta ce damuwa ce, ta tura ni wani aji da ake koyar da zama shiru: ka rufe ido, ka bi numfashinka, in tunani ya zo ka lura da shi ka bar shi ya wuce. Da farko haushi ya ba ni. Ni da ko wanka a gurguje nake yi, a ce in zauna ina sauraron hancina? Amma na gwada, a ɗakin ajiya, kan wani tsohon bokitin fenti. Wallahi ya yi mini amfani. Ciwon kai ya ragu, jinin ya sauka, ban ƙara ɗaga wa Baba murya ba ko da ya ɓata gadon da na gama gyarawa.

Ga abin takaicin: tun da na daina faɗa, suka ɗauke ƙafa. Yaya yana gaya wa dangi wai na samu natsuwa, jinyar ta zauna mini a hannu. Auta har ƙawayenta take turowa in koya musu sirrin. Makon jiya Baba ya zame daga hannuna a banɗaki, muka zube tare, muna nan a ƙasa har maƙwabci ya jiyo mu. Baba ya yi ta hawaye yana ba ni haƙuri da maganar da ba ta fita sosai. Na kira Yaya na faɗa masa a hankali, ya ce Allah ya kiyaye gaba, tunda ya ji muryata lafiya lau.

Anti, in watsar da zaman in koma masifata, jinina ya hau? Ko in riƙe lafiyata a bar ni da shi ni kaɗai? Raina ya ɓaci da su, har da zaman ma.

Mai Jinyar Baba

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Ɓacin ranki yana kan hanya, amma kada ki huce a kan abin da ya ba ki lafiya. In kika kwanta, wa zai ɗaga Baba?

'Yan'uwanki sun yi son kai, wannan ba shakka. Sai dai a yi musu adalci: shekara da shekaru kukanki ne ke sanar da su akwai matsala, da suka daina jin sa suka zaɓi fassarar da ta yi musu daɗi. Ke kuma kin haɗa natsuwa da haɗiye magana. Zaman nan yana koya miki ganin nauyin da ke kanki, bai ce ki ɓoye shi ba.

Ki bar waya. Ki kira su gida, ki sa Yaya ya ɗaga Baba ya kai shi banɗaki da hannunsa, ya ji abin da kike ji. Sannan ki faɗi ranakun da kowa zai yi jinya, da muryarki ta yanzu. Wanda ba zai iya zuwa ba ya ɗauko mai jinya a madadinsa. Ki kuma sanar da likita faɗuwar nan, a duba ku duka biyu.

Ranar da ta faɗo kan Yaya, da ya shigo ki ɗauki jakarki ki fita, ko da ba ki da wurin zuwa. A bakin ƙofa zuciyarki za ta ce ki koma, ai bai iya ba. Nan ne ajin naki zai yi miki rana: ki lura da tunanin, ki bar shi ya wuce, ki ja ƙofar. Shi ma ɗan Baba ne, zai koya.

Allah ya ba Baba sauƙi, ya ƙara miki lafiya.

Anti